Wahalar Neman Magajin Gwani A Fagen Ƙwallon Kwando Na Jami'o'in Amurka

Daga Wakilinmu

A kowace shekara, da zarar watan Maris ya kama, hankalin mutanen Amurka yakan koma kan gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, wadda ƙungiyar nan mai kula da wasannin manyan makarantun ƙasar, watau NCAA, take shiryawa. Gasa ce irin wadda duk ƙungiyar da aka cinye sau ɗaya sai ta tattara nata ya nata ta koma gida. To, a daidai lokacin da ake wannan fafatawa a fili, akwai wata kuma da ake yi a ofisoshi da ɗakunan otel ba tare da 'yan kallo ba. Ita ce ta neman sabon babban mai horad da 'yan wasa, wanda aka fi sani da koci, domin kuwa a cikin jami'o'i fiye da 350 da ke rukunin farko na wannan wasa, babu shekarar da za ta wuce ba a sami gommai da suka sallami nasu ba, ko kuma shi ya ajiye aiki don kansa.

Mai karatu yana iya mamakin yadda naɗin malamin wasa zai zama abin da shugaban jami'a zai rasa barci a kansa. Dalili kuwa shi ne kuɗi da suna. A shekarar 2010 kamfanonin talabijin na CBS da Turner sun ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 10.8 don nuna wannan gasa har shekara 14, sa'an nan a 2016 suka ƙara dala biliyan 8.8 don a tsawaita ta zuwa 2032. Jami'ar da ƙungiyarta ta yi fice sunanta yakan shiga kowane gida, tsofaffin ɗalibanta kuma su saki hannu wajen ba da gudummawa. A jihohi da yawa na ƙasar, ma'aikacin gwamnati mafi tsokar albashi shi ne kocin ƙwallon jami'ar jiha, ya fi gwamna nesa ba kusa ba.

Tarihin jami'o'i biyu, UCLA da Duke, ya nuna cewa ranar da aka sanar da sunan sabon koci rabin aikin kaɗai aka yi. Sauran rabin ya rataya ne a kan ma'aunin da masu zaɓen za su auna shi da shi, da kuma ko za su iya tsayawa bayansa idan iska ta juya.

WA KE DA WUƘA DA NAMA?

A ƙa'ida, alhakin zaɓen yana wuyan daraktan wasanni na jami'a. Shi ne zai tsara sunayen waɗanda ake so, ya gana da su, kana ya kai sunan mutum ɗaya gaban shugaban jami'a da hukumar gudanarwarta don su sa hannu. Wasu jami'o'in sukan kafa kwamiti mai ƙunshe da malamai da tsofaffin 'yan wasa. Da yawa kuma sukan ɗauki hayar kamfanonin da sana'arsu ke nan, su ne za su tuntuɓi mutum a asirce, su binciki halinsa da tarihin aikinsa. Sirrin yana da amfani ga kowane ɓangare, saboda mafi yawan waɗanda ake zawarci suna kan aiki a wata jami'ar, kuma babu jami'ar da ke so duniya ta ji cewa ta nemi mutum ya ce ba ya yi.

Ban da waɗannan, akwai masu faɗa a ji da sunansu ba ya cikin takarda. Su ne attajiran da ke ba da gudummawar kuɗi ga sashen wasanni. Sau da yawa daga aljihunsu ake biyan diyyar kocin da aka sallama kafin wa'adinsa ya cika, da kuma kuɗin fansar wanda za a ɗauko daga wata jami'a, saboda haka da wuya a yi naɗi ba a ji ta bakinsu ba.

Tambayoyin da ke gaban masu zaɓe kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A ɗauki ɗan gida, ko a nemo baƙo? A ɗauki wanda ya riga ya yi suna, ko matashin da ake hangen zai yi? Shin zai iya shawo kan yara masu hazaƙa daga makarantun sakandare su zo? Zai kiyaye dokokin NCAA, ya kuma tabbata 'yan wasansa suna shiga aji suna cin jarrabawa?

UCLA: MUTUM BIYAR CIKIN SHEKARA 13

Jami'ar Kalifoniya ta birnin Los Angeles, wadda ake kira UCLA, ta ɗauki John Wooden a shekarar 1948 daga wata kwaleji ta jihar Indiana. Shi kansa Jami'ar Minnesota ya fi so, amma guguwar dusar ƙanƙara ta hana mutanen Minnesota buga masa waya a kan lokacin da aka yi alkawari, kafin su same shi ya riga ya amsa wa UCLA, ya kuma ƙi saɓa maganarsa. Sai da ya yi kakar wasa 15 bai ci kofin ƙasa ba. A ta 16, watau 1964, ya ci na farko, daga nan kuma ya tara kofi 10 cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere daga 1967 zuwa 1973. Ƙungiyarsa ta taɓa cin wasa 88 ba tare da an kayar da ita ba. A hannunsa ne Lew Alcindor, wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar, da Bill Walton suka tashi. A watan Maris na 1975, bayan an ci wasan kusa da na ƙarshe, ya sanar cewa zai yi ritaya, kwana biyu bayan haka ƙungiyarsa ta doke Kentucky da maki 92 da 85 ta ɗauki kofi.

Daraktan wasanni, J. D. Morgan, ya zaɓi baƙo. Gene Bartow ya taɓa kai jami'ar Memphis State wasan ƙarshe a 1973, inda UCLA ɗin ce ta cinye shi. A shekara biyu da ya yi, ya ci wasa 52 an cinye shi 9, ya kuma kai ƙungiyar cikin huɗun ƙarshe a 1976. A wata jami'ar da wannan sakamako sai a yi masa kambi. A Los Angeles kuwa suka da gunaguni ya sha a jaridu da gidajen rediyo da wasiƙun magoya baya, musamman bayan da ƙaramar jami'ar Idaho State ta fitar da su a 1977. A wannan shekara ya ajiye aikin ya tafi Birmingham ta jihar Alabama, jami'ar da ko ƙungiyar ƙwallon kwando ba ta da ita a lokacin, ya kafa mata daga tushe.

Sai aka koma gida. Gary Cunningham tsohon ɗan wasan Wooden ne kuma mataimakinsa. Ya ci 50 an cinye shi 8, shi ma bayan shekara biyu ya sauka. A nan akwai abin lura. Idan aka yi lissafi, Bartow ya ci kashi 85 cikin ɗari na wasanninsa, Cunningham kashi 86, alhali kuwa Wooden da kansa, da wasa 620 da ya ci da 147 da ya rasa a UCLA, kashi 81 yake da shi. Abin da suka rasa shi ne kofi, kofin da shi Wooden sai da aka ba shi shekara 15 kafin ya kawo.

Larry Brown ya biyo baya a 1979. Ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 1980, Louisville ta cinye su, mai horad da Louisville ɗin kuwa shi ne Denny Crum, tsohon mataimakin Wooden da ya bar UCLA tun 1971. Daga baya NCAA ta soke wannan matsayi na biyu saboda an sa 'yan wasan da ba su cancanta ba. Brown ya koma gasar ƙwararru a 1981. Larry Farmer, wanda a zamanin wasansa ƙarƙashin Wooden sau ɗaya tak aka cinye su cikin wasa 90, ya riƙe aikin shekara uku ya sauka a 1984. Walt Hazzard, tauraron ƙungiyar 1964, ya yi shekara huɗu aka sallame shi a 1988. Jimlar mutanen nan biyar sun ci wasa 282 a fili, an cinye su 104, amma babu wanda ya wuce shekara huɗu a kan kujerar.

Jim Harrick ne ya kawo kofin a 1995, shekara 20 bayan tafiyar Wooden. A watan Nuwamba na 1996 jami'ar ta kore shi, bisa laifin cika takardar neman kuɗin wata liyafar cin abinci da bayanin da ba daidai ba, da kuma ƙin faɗin gaskiya sa'ad da aka bincike shi. Ko Ben Howland, wanda ya kai su huɗun ƙarshe sau uku a jere daga 2006 zuwa 2008, sallamarsa aka yi a 2013.

DUKE: AN ƊAUKO WANDA BA A SANI BA

A shekarar 1980 jami'ar Duke ta jihar North Carolina ta rasa kocinta, Bill Foster, wanda ya kai ta wasan ƙarshe a 1978. Daraktan wasanni, Tom Butters, yana da sunayen manya a gabansa, amma hankalinsa ya kwanta da wani matashi ɗan shekara 33, Mike Krzyzewski, mai horad da ƙungiyar kwalejin hafsoshin soja ta West Point. A kakarsa ta ƙarshe a can, wasa 9 ya ci aka cinye shi 17. A taron gabatar da shi ga 'yan jarida a watan Maris sai da ya bi harrufan sunansa ɗaya bayan ɗaya don su iya rubutawa.

Butters bai tsaya kan alƙaluma kaɗai ba, ya duba yanayin da aka same su a ciki. Yaron da ya shiga West Point tilas ne ya yi aikin soja na shekaru bayan ya gama, saboda haka masu burin zama ƙwararrun 'yan wasa ba sa zuwa can. Duk da haka a shekara biyar Krzyzewski ya ci wasa 73 ya rasa 59. Bugu da ƙari, Bob Knight na jami'ar Indiana, wanda ya horad da shi yana ɗalibi kuma ya taɓa ɗaukarsa mataimaki, ya yi masa kyakkyawar shaida.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma Larabar Duke ba ta nuna alamar alheri ba. A shekara uku na farko an ci wasa 38 an rasa 47. A 1983 jami'ar Virginia ta lallasa su da maki 109 da 66. Abin da ya ƙara wa ciwon gishiri shi ne maƙwabtansu biyu, waɗanda ke 'yan mil kaɗan daga Duke, su ne suka ɗauki kofin ƙasa a wannan tsakani: Jami'ar North Carolina a 1982, North Carolina State kuma a 1983. Masu ba da gudummawa suka taso Butters a gaba a kan lalle ya sallami mutuminsa.

A watan Janairu na 1984 Butters ya kira shi ofis, ya miƙa masa sabuwar yarjejeniya ta shekara biyar. Hujjarsa tana fili ga mai son gani: yaran da Krzyzewski ya ɗauko a 1982, irin su Johnny Dawkins da Mark Alarie da Jay Bilas da David Henderson, sun soma kama ƙasa. Su ne suka kai Duke wasan ƙarshe a 1986 bayan sun ci wasa 37 a kaka ɗaya. Kofi ya zo a 1991, aka maimaita a 1992, sa'an nan 2001 da 2010 da 2015. Da ya yi ritaya a 2022, bayan shekara 42 a Duke, yana da nasara 1,202 a tarihin aikinsa, ya kuma jagoranci ƙungiyar ƙasar Amurka ta ci zinare a wasannin Olamfik na 2008 da 2012 da 2016.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa haƙuri da kowane koci yana haifar da irin wannan. Jami'o'i da yawa sun yi haƙuri sun tashi a tutar babu. Bambancin shi ne Butters ya san dalilin da ya sa ya ɗauki mutumin tun farko, saboda haka ya san abin da zai duba don ya gane ko aiki na tafiya, ko da allon maki bai nuna ba tukuna.

ƊAN GIDA KO BAƘO?

Jami'ar North Carolina ta gwada hanyar ɗan gida har sau uku a jere, sakamakon kuma ya sha bamban. Dean Smith, wanda ɗalibai suka taɓa rataye mutum-mutuminsa a 1965 don fushin rashin nasara, ya riƙe ƙungiyar daga 1961 zuwa 1997, ya ci wasa 879 da kofi biyu. Ya sauka ne a watan Oktoba, ana gab da soma kaka, lokacin da babu damar neman wani daga waje, sai aka naɗa Bill Guthridge da ya yi shekara 30 yana mataimakinsa. Guthridge ya kai su huɗun ƙarshe sau biyu cikin shekara uku, ya yi ritaya a 2000.

Wanda aka fi so shi ne Roy Williams, tsohon mataimakin Smith da ke jami'ar Kansas, amma ya ƙi tayin. Aka ɗauko Matt Doherty, abokin wasan Michael Jordan a ƙungiyar 1982, wanda shekara ɗaya kacal ya yi a matsayin babban koci a Notre Dame. A kakarsa ta biyu an ci wasa 8 an rasa 20, dangantaka tsakaninsa da 'yan wasa ta yi tsami, ya sauka a 2003. A karo na biyu Williams ya amsa kira, ya ci kofi a 2005 da yaran da Doherty ya tara, ya ƙara a 2009 da 2017. Dukansu uku 'yan gida ne. Abin da ya raba su shi ne gogewa da iya zama da mutane.

Ita kuwa jami'ar Georgetown ta birnin Washington waje ta leƙa, can inda ba a saba dubawa ba. A 1972, bayan kakar da ta ci wasa 3 ta rasa 23, ta ɗauko John Thompson daga wata makarantar sakandare ta birnin. A lokacin shekara biyu ke nan kacal da baƙar fata na farko, Will Robinson, ya zama babban koci a rukunin farko, a jami'ar Illinois State. A 1984 Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya ci kofin ƙasa, bayan ƙungiyarsa ta doke ta Houston wadda Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, yake yi wa wasa.

ZAMANI YA SAUYA

Albashin Wooden a shekararsa ta ƙarshe bai wuce dala 35,000 ba. A 2019 jami'ar Kentucky ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 86 ta shekara 10 da John Calipari. Idan kuɗi ya kai haka, kuskuren zaɓe yakan ci miliyoyi, kuma waɗanda suka biya ba sa son jira.

Dokoki ma sun sauya. A 2018 NCAA ta buɗe rajistar da ɗan wasa zai sa sunansa idan yana son sauya makaranta. A 2021 aka janye sharaɗin da ke tilasta masa zaman shekara guda ba wasa bayan ya sauya, kuma daga watan Yuli na wannan shekara aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗin talla da sunansu. A watan Yuni na 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. Sakamakon haka, jami'ar da ta yi jinkirin naɗa koci tana iya wayar gari 'yan wasanta sun watse, binciken da a dā ake yi cikin makonni yanzu cikin kwanaki ake kammala shi. Shi ma mai neman aikin, kafin ya amsa, sai ya tambayi nawa aka ware don biyan 'yan wasa.

Abin da ya faru a Kentucky a watan Afrilu na 2024 misali ne. Calipari ya tafi Arkansas. Scott Drew na Baylor da Dan Hurley na Connecticut, waɗanda dukansu sun taɓa cin kofi, suka zaɓi zama inda suke. Cikin 'yan kwanaki aka naɗa Mark Pope, kyaftin ɗin ƙungiyar Kentucky da ta ci kofi a 1996, wanda a lokacin bai taɓa cin wasa ko ɗaya ba a gasar NCAA a matsayin koci. Magoya baya suka yi ta ƙorafi a ranar farko, amma a ranar gabatar da shi sai da suka cika babban zauren wasan jami'ar maƙil. Ya iske babu ko ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan bara, dole ya haɗa sabuwar ƙungiya daga masu sauya makaranta.

Duke kuwa ta kauce wa wannan gaggawa. Tun a watan Yuni na 2021, shekara guda kafin Krzyzewski ya sauka, ta bayyana Jon Scheyer, kyaftin ɗin ƙungiyar 2010 kuma mataimakinsa, a matsayin magaji. Shekarunsa 33 a lokacin, daidai da na ubangidansa ranar da Butters ya gabatar da shi. An ba shi shekara guda yana neman yaran da zai yi aiki da su alhali ubangidan yana nan, kuma a 2025 ya kai ƙungiyar cikin huɗun ƙarshe.

Duk hukumar da ta taɓa zama don cike gurbin shugaban da ya daɗe kuma ya yi suna ta san nauyin wannan aiki, ko a makaranta ne ko a ma'aikata. Akwai tambayoyi uku da tarihin nan ya nuna ya kamata a amsa kafin a kira kowa ganawa: mene ne aikin da ke gaba a yanzu, da wane ma'auni za a auna wanda aka ɗauka, kuma shekara nawa za a ba shi? UCLA ta auna magadan Wooden da shekarunsa 12 na ƙarshe, ta manta da 15 na farko. Butters ya auna nasa mutumin da abin da ya ɗauke shi ya yi. A cikin shekara 50 da suka biyo bayan ritayar Wooden, daga 1975 zuwa 2025, ƙungiyar maza ta UCLA ta ci kofin ƙasa sau ɗaya, ta Duke kuwa sau biyar.